Kotun da Gwamnati ke Zuwa da Lauyanta, Baƙo Kuma da Bakinsa

A Amurka, ɓarawon motar da aka kama ya ce ba shi da kuɗin lauya, dole gwamnati ta ɗaukar masa. Tun 1963 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke haka, a shari'ar Clarence Gideon, wani talaka da aka ɗaure shekara 5 a jihar Florida bayan an bar shi ya kare kansa da kansa, ya rubuto kokensa da fensir daga gidan yari. Amma mutumin da ya tsaya gaban alƙalin shige da fice yana cewa in aka mayar da shi ƙasarsu kashe shi za a yi, babu wanda doka ta ɗora wa nauyin nemo masa lauya. An ba shi damar ya zo da nasa, da sharaɗin kada ko sisin gwamnati ya shiga ciki. A ɗaya teburin kuwa ga lauyan Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a zaune, albashinsa daga baitulmali, kuma irin wannan shari'a ita ce aikinsa safe da yamma.

Asalin bambancin tsohon hukunci ne. A 1893, a ƙarar wasu leburori 'yan ƙasar Sin, Kotun Ƙoli ta ce korar baƙo daga ƙasa ba horo ba ne a kan laifi, hanya ce kawai ta mayar da shi inda ya fito. Tun daga nan aka jera shari'ar shige da fice a sahun shari'un da ba na laifi ba, inda kowa ke ji da kansa. Ana iya tsare mutum wata da watanni a bayan waya mai ƙaya, a sa masa ankwa hannu da ƙafa ranar zuwa kotu, amma a idon doka ba hukunta shi ake yi ba, don haka haƙƙin da ɓarawon mota ya samu bai iso gare shi ba. Ko yara ba a ware ba. A 2016 jaridu suka ɗauko maganar Jack Weil, babban alƙali mai horar da sauran alƙalan shige da fice, wanda ya faɗa bisa rantsuwa cewa ya koya wa 'yan shekara 3 da 4 dokar shige da fice, kuma suna ganewa. Daga baya ya ce an yanke maganar daga muhallinta. Dana Leigh Marks, wadda ta daɗe tana shugabantar ƙungiyar waɗannan alƙalai, ta fi shi faɗin gaskiyar lamarin: ta ce shari'ar rai da mutuwa suke yi a tsarin kotun masu laifin tuƙi.

Ba za a ga amfanin lauya ba sai an san abin da ake so mai neman mafaka ya tabbatar, kuma a nan mutanenmu suka fi samun ruɗani. Yarjejeniyar Geneva ta 1951, wadda Amurka ta ɗauki nauyinta ta hanyar ƙarin yarjejeniyar 1967, ta kuma shigar da ita dokar cikin gida a 1980 zamanin Jimmy Carter, ba ta ce duk wanda ke cikin haɗari ɗan gudun hijira ne ba. Ta taƙaita ne ga wanda ke tsoron a gallaza masa saboda ɗayan abubuwa biyar: jinsin da ya fito, addininsa, ƙasarsa ta asali, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Afirka ta fi haka sakin hannu. Yarjejeniyar da ƙasashen nahiyar suka ƙulla a Adis Ababa a 1969 ta haɗa da duk wanda mamaya ko taɓarɓarewar zaman lafiya ta raba da gidansa. Shi ya sa mutanen Sabon Birni da Isa da 'yan bindiga suka kora suka tsallaka jihar Maraɗi, da na Damasak da Malam Fatori da suka shiga Difa, ba a zaunar da kowannensu aka ce ya kawo hujjar cewa shi musamman aka nufa ba. Gari guda aka karɓe su.

Wannan mutumin na Sabon Birni, da labarinsa na gaskiya tsantsa, yana iya faɗuwa a kotun Amurka. Lauyan gwamnati zai tambaye shi: waɗanda suka sace ka, don addininka suka yi ko don kuɗin fansa? In ya ce don kuɗi ne, ya rushe ƙararsa da bakinsa, don kwaɗayin kuɗi ba ya cikin biyar ɗin nan. In ya tsallake wannan sai a ce: ka kai kuka wurin 'yan sanda? Ƙi suka yi ko kasawa? Sannan tambayar da ta fi ciwo ga ɗan babbar ƙasa irin Najeriya: me ya hana ka koma Legas ko Abuja ka zauna lafiya? Kowace daga cikinsu tana da amsa a doka, kuma sau da yawa amsar tana nan cikin labarin mutumin, shi ne dai bai san ita ce mai nauyi ba. Wataƙila an nufo shi ne don ɗan sa-kai ne, ko mai unguwar da ya ƙi tara wa 'yan bindiga haraji, ko limamin da ya yi huɗuba a kansu. Doka ba ta ce sai dalilin ya zama shi kaɗai ba, ta ce ya kasance cikin manyan dalilan. Mai tsoro da kunya yakan kwashe awa guda yana ba da labarin wahalar hanya, ya ambaci abin da zai cece shi a jimla ɗaya, ko ya haɗiye shi gaba ɗaya. Aikin lauya na farko shi ne ya zauna da shi zama bayan zama har ya tono wannan jimlar.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne dokar kanta ba ta da rowa. A 1987, a shari'ar wata 'yar Nikaraguwa mai suna Cardoza-Fonseca, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ko da yiwuwar a gallaza wa mutum ɗaya ce cikin goma, tsoronsa na iya zama mai tushe. Lauyar da ta tsaya wa matar ita ce Dana Marks ɗin nan, kafin ta zama alƙali. Ƙofa ta biyar kuwa, ta rukunin jama'a, lauyoyi ne suka faɗaɗa ta da ƙara bayan ƙara, kuma wadda ta fi shahara ta wata yarinya ce Musulma daga Togo. Fauziya Kassindja tana da shekara 17 ta sauka filin jirgin Newark a Disambar 1994 da fasfon da ba nata ba, ta faɗi gaskiya nan take, ta nemi mafaka. Mahaifinta ya rasu, dangi sun ɗaura mata aure da wani dattijo a matsayin ta huɗu, ana shirin yi mata kaciya ta gudu. Aka tsare ta kusan wata 16 a gidajen yari daban-daban. Alƙalin farko a Philadelphia ya ce bai gaskata ta ba. Wata ɗalibar lauya, Layli Miller Bashir, ta ƙi sakin maganar, ta kai ta ga malamar jami'a Karen Musalo, suka ɗaukaka ƙara, jaridar New York Times ta buga labarin a shafin farko, aka sake ta. A Yunin 1996 hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta ba ta mafaka, ta kuma kafa cewa tsoron kaciyar mata dalili ne karɓaɓɓe. Labarin da aka ƙaryata a Philadelphia shi ne dai aka gaskata a sama. Abin da ya ƙaru shi ne shaidar masana, da rubutacciyar hujja, da mutanen da suka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sai dai abin da aka samu ta wannan hanya ana iya ƙwace shi da sa hannu ɗaya, saboda kotun shige da fice ba kotu ce mai cin gashin kanta ba. Sashe ce a Ma'aikatar Shari'a, alƙalanta ma'aikatan Antoni Janar ne, kuma yana da ikon janyo kowace shari'a ya yanke da kansa, hukuncin ya hau kan kowa. A 2018 Jeff Sessions ya yi haka da ƙarar wata 'yar Salbado da ta gudo daga dukan miji, ya kusa rufe wannan ƙofa ga mata irinta. A 2021 Merrick Garland ya soke hukuncinsa. A 2025 Pam Bondi ta dawo da shi. Mace guda, da tabo guda a jikinta, sakamakonta ya danganta da shekarar da fayil ɗinta ya iso tebur. Ina mai gudun hijira zai san wannan in ba wani ya gaya masa ba?

Duk wannan a kan gundarin ƙara ne. Mutane da yawa ba sa ma kai wa nan, a ƙa'idojin aiki suke zubewa. Dokar 1996 ta ce a shigar da takardar neman mafaka cikin shekara guda da shigowa ƙasar, in ba da wani uzuri mai ƙarfi ba. Wanda ya shigo da bizar ziyara ya lafe wurin ɗan'uwa yana jiran ya ga yadda gari zai waye, sai ya farga wa'adi ya wuce. Fom ɗin, mai lamba I-589, da Turanci ake cika shi, kuma duk takardar da aka haɗa, ko rahoton asibiti ne ko wasiƙar hakimi, sai an fassara ta da shaidar mai fassara. A kotu gwamnati ce ke kawo tafinta, wani lokaci ta waya. A ofishin mafaka kuwa, inda waɗanda ba a kai kotu ba ke yin hira, mai nema ne zai zo da nasa. In mutum ya sauya gida bai sanar da kotu cikin kwana 5 ba, sammaci ya tafi tsohon adireshi, ranar zama ba a gan shi ba, alƙali zai ba da umarnin korarsa a bayan idonsa, kuma buɗe irin wannan shari'a aiki ne ja.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne na gaskatawa. Dokar 2005 ta ba alƙali damar ƙaryata mutum a kan kowane saɓani a maganarsa, ko da saɓanin bai taɓa zuciyar ƙarar ba. To, mutumin karkara ba da kalanda yake riƙe lokaci ba. Ya san an kawo harin bayan ƙaramar Salla, gero ya fara fitar da kai. Jami'in kan iyaka, a hirar farko da aka yi da shi yana gajiye bayan tafiyar makonni, ya matsa masa ya faɗi wata, ya ce Yuni. Bayan shekara 3 a kotu ya ce Yuli. An rubuta "ƙanena" a takarda ɗaya, a wata kuma ya bayyana ɗan baffansa ne, alhali a gidansu babu mai raba su. Ya sunkuyar da kai gaban alƙali don ladabi, a can kuwa ƙin haɗa ido alamar rashin gaskiya ce ga wasu. Macen da aka yi wa fyaɗe ba za ta faɗa wa jami'i namiji ta bakin tafinta namiji ba, sai daga baya, sai a ce me ya sa ba ta faɗa tun farko ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Lauyan kirki yakan nemo rubutun hirar farko, ya gano waɗannan wurare tun kafin abokin karawarsa ya gano su, ya yi bayaninsu a rubuce, ya kawo likita ko masanin ƙasar ya ba da shaida. Wanda ya shiga shi kaɗai kuwa tamkar an tura wanda bai taɓa naɗa zare a hannu ba ne ya kara da Shago.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan. Ingrid Eagly da Steven Shafer sun bi shari'u fiye da miliyan 1 da dubu 200 da aka yanke tsakanin 2007 da 2012, suka tarar kashi 37 cikin 100 ne kawai suka samu lauya, a cikin waɗanda ke tsare kuwa kashi 14. Cikin tsararrun da aka yi wa zaman neman beli, masu lauya kashi 44 aka saki, marasa shi kashi 11. Akwai suka mai ma'ana a kan irin wannan lissafi: lauyoyi, musamman na kyauta, suna zaɓar ƙarar da suka ga alamar nasara a cikinta, don haka ba mamaki nasu su fi ci. Birnin New York ne ya gwada amsar. Daga 2013, bisa ƙoƙarin da alƙalin tarayya Robert Katzmann ya jagoranta, aka fara ba kowane tsararre marar hali da ya zo kotun titin Varick lauya da kuɗin birni, ba tare da duba ƙarfin ƙararsa ba. Da cibiyar Vera ta auna shirin a 2017, ta ƙiyasta nasara ta tashi daga kashi 4 zuwa kashi 48. Ko an rage wannan adadi don taka-tsantsan, abin da ya rage ya isa ya nuna cewa ana korar mutanen da doka ta ba su damar zama, don kawai babu wanda ya nuna wa alƙali hakan.

Kada kuma a ɗauka lauya maganin komai ne. Wani bincike na malaman jami'a uku a 2007 ya gano cewa a kotu guda a Miami, ɗan Kolombiya da ya faɗa hannun wani alƙali yana da damar kashi 5, a hannun wani kuma kashi 88. Wannan caca babu lauyan da ke iya gyara ta. Kuma gaskiya ne cewa cikin masu shigar da takarda akwai da yawa da talauci ne ya koro su, ba gallazawa ba, sun ga tarin shari'u ya haura miliyan 3 tun ƙarshen 2023 a hannun alƙalai ɗari bakwai da 'yan kai, sun lissafa cewa kafin a zo kansu sun yi shekaru suna aiki. Masu son a tsaurara suna kafa hujja da wannan, kuma ba ƙarya suke yi ba. Inda na rabu da su shi ne maganin. Mai lauya ya fi zuwa kotu ranar da aka kira shi, takardunsa a shirye, ba a ɗaga zama sau uku don ya je neman wakili. Wanda ba shi da ƙara kuma, lauyan gaskiya ne zai gaya masa tun da wuri, ya huta da zaman tsare da gwamnati ke biya kullum. Rashin lauya ba ya tace na gaskiya daga na ƙarya. Masu kuɗi da masu sa'a yake tacewa daga sauran.

To wa ke cike giɓin? Lauya mai zaman kansa dubban daloli yake karɓa a ƙarar mafaka, ga wanda ƙa'ida ta hana shi takardar izinin aiki sai takardarsa ta yi kwana 180. Saura sai ƙungiyoyi. Mafi daɗewa na addini ne: HIAS, wadda Yahudawan New York suka kafa a ƙarshen ƙarni na 19 don 'yan'uwansu masu gudowa daga Rasha, yau tana tsaya wa Musulmi da Kirista, cocin Katolika na da CLINIC, babbar hanyar ofisoshin taimakon shari'a a faɗin ƙasar. Human Rights First tana haɗa masu neman mafaka da lauyoyin manyan kamfanoni da ke ba da lokacinsu kyauta. KIND ta yara ce da suka shigo ba iyaye. Florence Project na aiki cikin gidajen tsare na Arizona tun 1989. Tahirih, wadda Layli Miller ta kafa a 1997 bayan shari'ar Fauziya, ta mata ce. Makarantun koyon lauya da yawa na da ofishin da ɗalibai ke riƙe ƙara ƙarƙashin malami. A New York, inda 'yan zangon Gana da 'yan Nijar masu jin Hausa ke da masallatai da shaguna a Bronx, akwai African Services Committee a Harlem, wadda 'yan gudun hijirar Habasha suka kafa a 1981, da African Communities Together. Akwai kuma wani tsari da ba kowa ya san shi ba: Ma'aikatar Shari'a na tantance ma'aikatan ƙungiyoyin sa-kai waɗanda ba lauyoyi ba ne, ta ba su izinin wakiltar baƙi, wasu har gaban alƙali, kuma sunayensu na nan a shafinta na intanet.

Jerin ya yi tsawo a takarda, a ƙasa kuwa bai kai ko'ina ba. Kowace kotu na miƙa wa baƙo takardar sunayen masu taimako kyauta, ya buga waya ya tarar layin jira na watanni ne, ko an rufe karɓar sababbi. Abin ya ƙara ƙamari da 'yan Afirka ta Yamma suka gano hanyar Nikaraguwa, daga Santambul zuwa Bogota zuwa Managuwa, sannan a bi ƙasa har iyakar Meziko. 'Yan Afirka da aka kama a wannan iyaka sun tashi daga kimanin 13,000 a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa fiye da 58,000 a ta 2023, yawancinsu daga Muritaniya da Senegal da Gini, masu Fulatanci da Wolof da ƙungiyoyin da suka saba da Sifaniyanci ba su da tafintocinsu. Sannan lauyoyi a manyan birane suke, gidajen tsare kuwa a ƙauyukan Louisiana da Texas da Georgia, tafiyar awanni daga birni mafi kusa. Ana iya kama mutum a Bronx da safe, kwana biyu ya tsinci kansa a Louisiana, ƙarƙashin wata kotun ɗaukaka ƙara mai tsauri, nesa da shaidunsa da wanda ya fara riƙe masa fayil.

Inda taimakon gaskiya ya gaza, na bogi ke shiga. Akwai masu ofishin cika fom da sayar da tikitin jirgi da ke kiran kansu masana shige da fice. Wasu kan shigar wa mutum takardar mafaka ba tare da ya san me ya sa wa hannu ba, su ce masa takardar izinin aiki ce, sai daga baya ya ga sammacin kotu. Akwai masu sayar da labari dungurungum. A Disambar 2012 hukumomin tarayya suka kai samame ofisoshin lauyoyi a unguwar 'yan Sin ta New York, suka gurfanar da mutum fiye da 20, har da lauyoyi, bisa ƙera labaran gallazawa. Bayan shekaru aka koma bin fayilolin dubban waɗanda suka samu mafaka ta hannunsu. Wanda aka tabbatar da gangan ya ƙirƙiri ƙararsa, doka ta haramta masa duk wata alfarmar shige da fice har abada. Ƙaryar kuma tana bin mutum zuwa inda bai zata ba. Matar nan 'yar Gini mai aikin otal da ta zargi Dominique Strauss-Kahn, shugaban Asusun Lamuni na Duniya, da cin zarafinta a 2011, cikin abubuwan da suka sa masu gabatar da ƙara suka janye akwai amsawar da ta yi cewa labarin da ta bayar na neman mafaka wani ne ya naɗa mata a kaset ta haddace. Lauya na gaskiya ana iya duba lasisinsa a shafin ƙungiyar lauyoyin jiharsa, yana ba da yarjejeniya a rubuce da rasit da kwafin duk abin da ya shigar, kuma ba ya alƙawarin nasara. Shawarar ɗan'uwa a bakin masallaci ko a zauren WhatsApp da kyakkyawar niyya ake ba da ita, amma a kan dokar shekarar da shi ya shigo aka gina ta.

Wani abu da ya kamata na gida su sani: ba a neman mafakar Amurka daga Kano ko Yamai, ko a ofishin jakadanci. Sai mutum yana cikin ƙasar ko a bakin iyakarta. Wanda ke waje hanyarsa ita ce ta sake tsugunar da 'yan gudun hijira, wadda galibi UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ce ke miƙa suna, ba a biyan ko kwabo, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya ke samunta a shekara. Duk mai cewa a ba shi kuɗi ya saka suna a jeri ɗan damfara ne. Ita ma wannan hanya ta ƙuntata: Amurka ta karɓi fiye da mutum 100,000 a shekarar kuɗi ta 2024, Donald Trump ya dakatar da shirin ranar 20 ga Janairun 2025, sannan aka sa iyakar 7,500 a shekarar 2026, mafi yawa don fararen fatar Afirka ta Kudu.

Shekarar 2025 ta taɓa masu taimakon su kansu. An yanke kuɗin shirin da tun 2003 ke tura ƙungiyoyi gidajen tsare su yi wa mutane bayanin haƙƙinsu. An yi yunƙurin janye kuɗin lauyoyin yara kimanin 26,000, sai da kotu ta tsoma baki. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli ta ɗora dala 100 a kan takardar mafaka da a da kyauta ce, da wata 100 duk shekarar da take jira, da dala 550 na izinin aiki na farko. An sallami alƙalai da dama, aka amince a aro lauyoyin soja har 600 su zauna a kujerun. Jami'an ICE, hukumar kamawa da korar baƙi, suka fara tsayuwa a barandar kotuna, ciki har da ta Federal Plaza a Manhattan, suna kama mutane suna fitowa daga zama. Wanda ya zo a kama shi, wanda ya ƙi zuwa a yanke masa kora a bayan ido.

A irin wannan yanayi nauyi ya koma kan ɗaya ɓangaren aikin, na ƙungiyoyi irin su ACLU, mai kare 'yancin jama'a, da ke kai gwamnati kotun tarayya a kan manufa ɗungum, da masu bin diddigin abin da ya sami waɗanda aka kora. Wannan na biyun yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A Fabrairun 2022 Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan 'yan Kamaru da aka mayar gida bayan an ƙi ƙararsu, ta nuna an tsare wasu, an azabtar da wasu, an yi wa wasu fyaɗe, wato abin da alƙalai suka ce ba su gaskata zai faru ba. A 2024 aka bar 27 daga cikinsu suka koma Amurka.

Shari'ar da ta fi nuna iyakar ƙarfin lauya ta zo ta Gana. Bayan mafaka akwai wata kariya mai daraja ƙasa da ita, wadda alƙali ke bai wa wanda ya makara ko wani dalili ya hana shi mafaka, amma ya tabbatar cewa gallazawa ko azabtarwa ta fi yiwuwa a kan rashinta. Ma'auninta ya fi na mafaka tsauri, amma abin da take hanawa kawai shi ne a mayar da mutum ƙasar da aka ambata. Ba ta hana a kai shi wata ba. Shekara da shekaru ba a cika amfani da wannan kafa ba. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ɗage umarnin da ya tilasta a ba mutum dama ya yi ƙorafi kafin a kai shi ƙasa ta uku, sai jirage suka fara tashi zuwa Sudan ta Kudu da Eswatini da Ruwanda. Najeriya, ta bakin ministan harkokin waje Yusuf Tuggar, ta ce ba za ta karɓi 'yan wata ƙasa ba. A Satumba Shugaba John Mahama ya sanar cewa Gana ta karɓi mutum 14 'yan Afirka ta Yamma, har da 'yan Najeriya da ɗan Gambiya, ya kafa hujja da 'yancin zirga-zirga na ECOWAS. Lauyoyinsu suka ce cikinsu akwai waɗanda alƙalan Amurka suka riga suka hana a mayar da su gida, kuma daga Gana gidan za a wuce da su. Mai shari'a Tanya Chutkan a Washington ta ce abin ya yi kama da zagaye doka ta bayan gida, amma tunda mutanen suna hannun wata ƙasa, ba ta da ikon yin komai. A Accra lauya Oliver Barker-Vormawor ya shigar da ƙara a madadin 11, kafin a saurare ta aka fitar da su daga ƙasar, wasu aka tsallakar da su Togo. Daga nan gardamar ta koma kan ko gwamnati na da ikon ƙulla irin wannan yarjejeniya ba tare da majalisa ta amince ba. Kotun Ƙolin Gana ta taɓa amsa wannan tambaya a 2017, lokacin da ta ce karɓar 'yan Yaman biyu daga Guantanamo ba da amincewar majalisa ba ya saɓa wa tsarin mulki, kuma shugaban da ya karɓe su a 2016 shi ne Mahama.